Ba A Komai A Ciki

Rabe ya kawo waya, gilashinta ya tsage.
Na canza, na kunna don in gwada,
sai ga wani ɗan fim.
Ya ce ƙanensa mai karatu ya turo daga Denmark,
ya ce, "Kada ka ɓata caji, ba a komai a ciki."

Na kalla. Gaskiyarsa.
Ba duka, ba gudu, ba wanda ya ce uffan.
An kafa kyamara a tashar bas an tafi an bar ta
kamar akuyar da aka ɗaure a gindin bedi.

Wata tsohuwa ta taɓa aljihu, makulli na nan.
Ta duba hanya.
Ta sake taɓa aljihu.
Wani dogo ya yi hamma, sai ya tuna da mutane,
ya rufe baki bayan hammar ta wuce.
Yarinya na hura tururin baki a gilashi,
ta yi rubutu da yatsa, ta goge da hannun riga.
Bas ya zo, suka shige,
aka bar benci da ruwan sama.
Minti goma sha ɗaya. Shi ke nan.

Na ce, "Lalle sai wanda ya ƙoshi
ke ɗaukar hoton jira."
Rabe ya biya, ya tafi.

Amma fim ɗin bai bi shi ba,
ya zauna a rumfata, nan Ƙofar Ƙaura,
tsakanin mai shayi da mai faci.

Yanzu ina ganin Malam Bishir, in zai hau babur
sai ya share sirdi da tafi sau biyu,
ko da yanzun nan ya sauka.
Hurera mai awara na ƙirga canji,
leɓɓanta na motsi kamar mai lazimi,
in ta kai ƙarshe ta koma farko.
Ɗan sandan bakin hanya, in ya zaci ba ido,
yakan cire hula ya leƙa cikinta.
Me ya ajiye a can? Ya mayar.
Kuma kowa, babba da yaro,
in na miƙa masa wayarsa gyararriya,
kafin godiya, kafin ciniki,
sai ya goga fuskarta a ƙirjin riga.

Shekara tara ina nan wurin,
kaina a sunkuye cikin hanjin wayoyi,
gari na wucewa ta gabana ban ɗago ba.

Jiya da magariba na tsuguna alwala,
na kwance agogo, na sa shi a takalmin hagu.
Sai buta ta tsaya a hannuna.
Wa ya koya mini?
Ba wanda ya koya mini. Baba ne.

Hotonsa biyu muke da su:
na katin zaɓe, da na sunan Zulai,
ya ƙame kamar an ce kada ya yi numfashi.
Ba wanda ya ɗauke shi yana hura koko sau uku,
ko yana gyaran murya a zaure
don yara su ɓoye abin ɓoyewa.
Mun ɗauka ba a komai a ciki.

Da safen nan na jingina waya da gwangwanin sukari.
Inna na tsintar shinkafa a faifai,
tana ture tsakuwa da ɗan yatsan tsakiya,
tana yi wa kaji faɗa ba ta dube su ba.
Ta ce, "Me kake ɗauka?"
Na ce, "Ba komai."
Ta ce, "To kashe, kada ka ɓata caji."

Na ce to.
Ban kashe ba.